Yadda na je Garkida aka wanke mini ƙafa

Ranar Alhamis da asuba na bar gida. Mun yi addu'a da maman yara a tsakar gida, ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa a leda, ta ce, "Baban yara, duk garin da ka sauka ka kira ni, kada ka bari sai na neme ka." Ɗan acaɓa ya kai ni Malumfashi tun gari bai gama wayewa ba.

Ni fasto ne a wata ƙaramar ikilisiyar ECWA ta Hausawa, a ƙauye, ta wajen hanyar Ƙanƙara. Dole in faɗi abin da ya fitar da ni daga gida, in ba haka ba labarin ba zai yi kai ba. Da daminar bara 'yan bindiga suka shigo mana cikin dare suka tafi da mutum bakwai, biyar masu bi, biyu maƙwabtanmu Musulmi. Muka sayar da masara da shanun huɗa, muka haɗa da kuɗin kwanon da muka yi shekara uku muna tarawa don rufin majami'a, aka kai musu. Shida suka dawo. Ta bakwai, uwar 'ya'ya huɗu, mai buga tulu a zumuntar mata, a daji ta rasu. Ba a jima ba magana ta fara yawo cewa ɗan wani dattijon ikilisiyarmu ne infoma. Yaron ya bar gari, babu wanda ya kawo shaida, amma uban ya koma bencin ƙarshe, ba mai zama kusa da shi. Ni kuwa da nake hawa bagade ina wa'azin gafara kowace Lahadi, wata bakwai ƙafata ba ta taka zauren gidansa ba. Ran jibin Ubangiji, wato ranar da ikilisiya ke cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, ina miƙa masa ƙoƙo idona yana wani wuri.

Akwai wani abokina, faston EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, da muka haɗu a wani kwas na fastoci a Jos. Da na gaya masa halin da nake ciki ta waya, bai yi mini nasiha ba. Cewa ya yi, "Ɗan'uwa, ka zo ka kwana biyu a wurinmu. Lahadi mai zuwa muna da jibi." Na roƙi dattawa izini, mai bishararmu ya karɓi wa'azin Lahadi, na kama hanya.

Daga Malumfashi ta Dayi da Gwarzo zuwa Kano na biya naira 4,500. A tashar Unguwa Uku muka yi awa biyu muna jiran mota ta cika, kuɗin Gombe naira 14,000, mutum huɗu a baya. Wudil, Birnin Kudu, Darazo, Dukku, duk a cikin gyangyaɗi da zafin bazara na wuce su. Na kwana a masaukin baƙi na wata ikilisiya a Gombe kan naira 7,000, ɗaki mai tsabta, fanka ba wuta, ruwa a bokiti. A nan aka ba ni shawara in bar hanyar Biu duk da ta fi kusa, in zagaya ta Numan da Yola. Na ji shawara.

Hanyar Juma'a ita ce ta fara buɗe mini ido. Da muka wuce Kumo muka shiga ƙasar Tangale, Billiri da Kaltungo, sai na ga abin da ban saba gani ba: kowane ƙauye da majami'arsa a bakin titi, wasu biyu wasu uku, da allon suna ƙato, mata da ankon zumunta suna tafiya da Littafi a hannu babu mai waiwayensu, har aladu suna kiwo a gefen hanya. A wurinmu majami'a can bayan gari take, ƙararrawa ma sai mun duba lokaci kafin mu kaɗa. Turawan mishan na SIM sun zauna a Kaltungo tun 1917, kuma ga amfanin gonar nan a fili. Ba zan ɓoye ba, na ji wani abu mai kama da kishi. Daga baya na tuna cewa yawa bai hana kowa nasa kuka ba.

Direbanmu wani Alhaji ne Bafulatani, mai fara'a. Ya tara 'yan naira ɗari bibbiyu a nannaɗe cikin aljihun gaban mota, kowane shinge ya miƙa hannu ta taga ba tare da ya tsaya sosai ba. Na ƙirga shinge goma sha tara kafin Jimeta, sannan na daina. A Numan, inda Gongola ke zuba cikin Binuwai, ya tsaya sallar Juma'a, ya bar mini makullin motar ya ce, "Fasto, ga amana, kai ne ba za ka shiga masallaci ba." Na zauna ina gadin kayan mutane ina cin soyayyen kifi na naira 1,500. Garin nan ne cibiyar ikilisiyar Lutheran, tun zuwan likitan nan ɗan ƙasar Danmak, Niels Bronnum, a 1913. Na sayi busasshen kifi na tsaraba, don a wurinmu irinsa sai mai hali.

Daga tashar Jambutu a Jimeta na hau motar Gombi, muka haye gadar Binuwai, muka bi Girei da Song, inda duwatsun nan uku suke tsaye kamar an jera su da hannu. Magariba ta yi mana a Gombi. Abokina ya kira ya ce kada in kuskura in shigo da yamma, in kwana. Wani malamin makaranta, memban EYN, ya sauke ni a ɗakin 'ya'yansa, ya ƙi karɓar ko sisi. Da safe matarsa ta kawo kunun gyaɗa mai kauri da ƙosai. Mutanen Adamawa sun iya kunun gyaɗa, namu na gida ruwa ne a kansa.

Hanyar Garkida gajeriya ce amma shingen cikinta na sojoji ne, ba na miƙa hannu ta taga ba. Kowa ya sauka, ya ɗauki jakarsa, ya taka da ƙafa ya wuce buhunan yashi. Sojan da ya karɓi katina ya duba sunan, ya dubi tsagen fuskata, ya sake duba katin.

"Baba, kai Bahaushe ne?"

Na ce, "Gaba da baya."

"Kuma fasto?"

Na ce, "Shekara goma sha shida ke nan."

Ya yi shiru, sannan ya tambayi garinmu. Ashe ɗan wajen Funtuwa ne, shekara biyu rabonsa da gida. Ya tambaye ni ko an yi ruwa sosai bara, ko masara ta yi kyau, ko hanyar Bakori tana biyuwa. Ya ba ni ruwan leda biyu daga nasa, ya ce in sa shi a addu'a. Tambayar tasa ba baƙuwa ba ce a kunnena, na sha ta a Kano, na sha ta a Jos a bakin Kiristoci 'yan'uwana. Amma ban taɓa jin an yi ta da taushi irin na yaron nan ba.

Garkida tana bakin kogin Hawul, ƙasar Bura ce, waɗanda mu Hausawa muke haɗa su da Babur. Abokina ya tarye ni da babur ɗinsa, kafin mu wuce ƙauyen da yake aiki ya kai ni gindin tsamiyar. A nan ne ranar 17 ga Maris 1923 Stover Kulp da Albert Helser, 'yan mishan daga Amurka, suka yi sujada ta farko da 'yan leburorin da za su gina musu ɗaki. Biu suka so zama, hukumar Turawan mulki ba ta yarda ba, suka gangaro nan. Shekara guda bayan haka matar Kulp, Ruth, ta rasu tare da jaririnta, aka binne su a ƙasar. A 2023 aka yi bikin cika shekara 100. Tsamiya ce kamar kowace tsamiya, irin wadda ke bakin kasuwarmu, akuya na kwance a inuwarta. Na cire hula na tsaya. Abin da ya zo mini a rai kakana ne, wanda ya fara jin bishara a Babbar Ruga ta Katsina lokacin da ya kai ƙanensa maganin kuturta wurin Turawan SIM. Nan ma haka aka yi: a 1929 aka buɗe wurin jinyar kutare a Virgwi, kusa da gari, mutane suka riƙa zuwa daga nesa. Ashe ta ƙofa ɗaya muka shigo, mu da su, ƙofar da masu lafiya suke ƙyamar bi.

Ya nuna mini inda aka ƙona majami'u a daren 21 ga Fabrairu 2020, lokacin da 'yan Boko Haram suka shigo garin da motoci. An sake gini, amma wanda ya san wuta zai gane sawunta a tsohon bango.

Ƙauyen abokina ba zan faɗi sunansa ba. Majami'arsu bulo ce da sabon kwano, bencinta rabi katako rabi tubali da aka shafe da siminti. Da dare zafi ya hana shiga ɗaki, muka shimfiɗa tabarma a waje da 'yar fitila mai cajin rana. Wata gwauruwa da ke taimakon matarsa, kowa Mama yake ce mata, ta kawo tuwon dawa da miyar yakuwa da gyaɗa, da kifi a ciki. An kashe mijinta a hanya a 2014 suna gudu. Na tambayi abokina abin da ya kawo ni: ikilisiyar da ta ce ita ta salama ce, ba ta ɗaukar makami, ba ta ramuwa, yaya ta yi ta rayu? A 2020 shugabansu na lokacin, Rabaran Joel Billi, ya gaya wa manema labarai cewa an kashe musu mutum fiye da 8,000, an raba fiye da 700,000 da gidajensu. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yansu ne. Rabaran Lawan Andimi na Michika, wanda aka kashe a hannun masu garkuwa da shi a Janairun 2020, fastonsu ne.

Abokina ya daɗe bai amsa ba. Sannan ya ce, "Kada ka koma gida ka ce ka ga mala'iku. Samarinmu da yawa sun shiga 'yan banga, ban kore su ba, don su ne suke kwana a bakin gari ni ina barci. Akwai waɗanda suka bar mu saboda sun ce wa'azin salama ya mai da mu tumakin yanka. Akwai ranar da ni kaina na rufe Littafi na ce ba zan karanta Matiyu biyar ba, inda Yesu ya ce a ƙaunaci maƙiyi. Abin da na sani shi ne ba mu daina jibi ba. Ko lokacin da muke sujada a gindin bishiya, da daro ɗaya muka yi."

Mama tana kwashe kwanuka ta sa baki, ta ce, "Baba Fasto, ni ban gama yafewa ba. Kamar sharar tsakar gida ce, na share yau, gobe iska ta dawo da ita." Ta ɗauki kwanukanta ta shige.

Sujadar Lahadi da Hausa aka yi ta, da ɗan Bura a tsakani, inda na riƙa jin suna kiran Allah Hyel. Wannan ya taɓa ni ƙwarai. Bura da Margi da Kilba da Kamwe, kowa da harshen uwarsa, amma in sun taru gaban Ubangiji harshen uwata suke yi, waƙoƙin da na haddace tun ina yaro, lamba ɗaya, murya ɗaya, sai dai lafazin ya ɗan karkata. Tun da aka gama fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 harshen nan yake ɗauke da ikilisiyoyin Arewa, ga shi mu masu harshen mu ne 'yan kaɗan a ciki. Matan zumunta suka buga tulu da caki, sai na tuna da tamu da ta rasu a daji, na sunkuyar da kai.

Bayan an tashi sai masu baftisma suka tsaya. Aka raba maza gefe, mata gefe. Aka shigo da daro da bokitan ruwa da tawul. Na san 'Yan'uwa suna wankin ƙafa, na karanta, na kuma yi wa'azin Yohanna sura 13, inda Yesu ya wanke ƙafafun almajiransa, ba sau ɗaya ba. Mu a ECWA muna ɗaukarsa darasin tawali'u, ba ma yin sa da ruwa. Gani ya kori ji.

Yadda suke yi, layi ne. Na gefenka ya wanke maka, kai kuma ka karɓi tawul ka wanke wa na gaba. Inda ka samu wuri nan ka zauna. Na damana wani tsoho ne da zai haifi babana, yatsun hannunsa sun guntule, irin waɗanda suka warke a Virgwi suka zauna a ƙasar. Da daro ya iso, tsohon nan ya ɗaura tawul a ƙugu da ƙyar, ya dafa benci, ya durƙusa a gabana. Jikina ya yi sanyi. A ƙasar Hausa yaro ne ke tsugunawa gaban babba. Baƙo in ya zo mukan ba shi ruwa a buta, shi ya wanke ƙafarsa da kansa. Kuma na tashi cikin karin maganar da ba ta raga wa kuturu ba, na yi su da bakina ina dariya. Na so in janye ƙafa, na ce, "Baba, bari ni in yi maka." Ya ɗago ya ce, "Ɗana, ba layinka ba ne. Miƙo."

Na miƙa. Ƙafar da ta sha ƙurar kwana uku, da kaushi da faso. Ba yayyafi ya yi mata ba. Ya sa dungulmin hannunsa ya cuɗa diddige, ya bi tsakanin yatsu, ya goge da tawul a hankali kamar mai shafa wa jariri mai, yana bin waƙar da ake yi da muryar da ta gaji. Da ya gama na ɗaga shi, muka rungumi juna, ya ce, "Salamar Ubangiji." Hawaye ya zubo mini, ban share ba.

Sai na juya hagu. Saurayi ne mai kamar shekara ashirin da biyar, tun da muka zauna bai ɗaga kai ba. Na lura akwai ɗan fili tsakaninsa da na gaba da shi, fili irin wanda na sani a bencin ƙarshe na majami'armu. Na durƙusa. Ruwan ya riga ya yi ja. Ƙafarsa tana rawa a hannuna, da tabon sara a ƙauri. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba: ba ya yiwuwa ka wanke ƙafar mutum kana tsaye, ba ya yiwuwa kana kallon wani wuri. Ƙoƙon jibi ana iya miƙa shi da kauda kai, na iya wannan sosai. Daro ba ya yarda. Sai kanka ya yi ƙasa da gwiwarsa, sai ka ga inda ƙaya ta taɓa shiga.

Bayan haka aka kawo abinci a manyan kwanuka, shinkafa da miya, mutum biyar-biyar a kwano, sannan gurasa da ƙoƙo. Da yamma na tambayi abokina labarin saurayin. Ya ce wansa ya bi mutanen daji tun da daɗewa, kuma akwai masu rantsuwa sun gan shi a daren da aka ƙona ƙauyen. Ƙanen bai yi komai ba, amma an yi shekara biyu ana gardama a kansa, har yau akwai gidajen da ba ya shiga. "Shi ya sa ba na tsara wurin zama," in ji shi. "In na tsara, kowa zai zaɓi ƙafar da yake so. Akwai wanda ya taɓa tashi ya fita da ya ga layi zai kai shi kan yaron. Bayan jibi biyu ya dawo." Ban ce komai ba, shi ma bai tambaye ni zancen dattijona ba, ko da yake ya sani.

Litinin ya raka ni Kwarhi, ta Gombi da Hong, inda hedkwatar EYN da makarantar tauhidi ta Kulp suke. A ƙarshen Oktoban 2014 'yan Boko Haram suka mamaye wurin, lokacin da Mubi ta faɗi, shugabanni da ɗalibai suka watse cikin daji, ofishin ya koma Jos na ɗan lokaci. Yanzu ɗalibai ne ke shanya kaya a igiya, 'ya'yansu na wasa a fili. Wani malami a can ya gaya mini cewa a gudun nan Musulmi da Kirista tare suka hau duwatsu, wasu maƙwabta Musulmi ne suka ɓoye su suka fitar da su. Na ce masa mu ma kuɗin fansa tare muka tara, limamin garinmu da kansa ya kawo buhu biyu.

Dawowa ba ta da labari, sai gajiya. Na kwana a Jimeta, na hau motar Kano kai tsaye kan naira 22,000, taya ta fashe mana bayan Kaltungo, muka shiga Kano cikin dare, na ƙarasa kwanan a benci a tasha. Laraba da la'asar na iso gida. Da na haɗa lissafi, tafiyar ta ci naira 81,000, fiye da albashina na wata, rabinsa bashi ne daga ƙanen maman yara.

Ta tambaye ni me na gani. Na ba ta labarin tsohon, ta yi shiru tana kallon ƙafata. Da safe na kwance kifin Numan na kasa shi uku: na gida, na marayun mai buga tulu, na ukun na sa a leda. Ba ta tambaye ni na wane ne ba, ta dai ƙara ƙullin daddawa a ciki.

Sai da na yi sallama sau uku a ƙofar zauren kafin ya fito, ba hula, ya rame fiye da yadda nake gani daga bagade. Ya tsaya yana dubana. Na tsuguna na gaishe shi, na ce, "Baba, na yi tafiya ne, ga 'yar tsaraba." Ya karɓa da hannu biyu, ya leƙa cikin gida ya ce a kawo tabarma da ruwa. Daga ciki na ji matarsa ta fashe da kuka. Ya zauna a gefe ɗaya na tabarmar, ya ce, "Fasto, ka sha hanya. Yaya mutanen can?" Na fara ba shi labari tun daga tashar Malumfashi. Ba mu ambaci yaron ba ranar. Ina nan zaune har aka kira azahar a masallacin unguwa.